Ɓawon Lemon Bai Tsinke Ba

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wasiƙar nan ba za ta iso ka ba, amma bakina cike yake da labari, kuma kai ne ya kamata ka fara ji.

Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan. Ruwa ya sake shiga ɗakinmu na unguwar Nombakélé a nan Gabon, mun kwashe. Babban labarin dai na teburin lemonka ne.

Bayan sadakar arba'in, Yaya Sabo ya ce a bar wa mai sayar da cazar waya wurin, tunda shi Yaya yana aiki a unguwar Batterie IV, ni kuwa 'yar boko ce, ina ni ina fere lemo? Na ce a ba ni zuwa ƙarshen damina, in masu saye ba su dawo ba a ba mai cazar. Ka san taurin kaina, a wajenka na gada.

Ashe haka aikin nan yake, Baba? Ina ganinka kana juya lemo a bakin wuƙa kana hira, ɓawo na sauka siriri bai tsinke ba, na ɗauka wasa ne. Da farko ni in na fere, ko in huda ruwa ya tsiyaye, ko in bar ɗaci. Ruwan ɓawo ya ci yatsuna har fatar ta yi saɓa, sabuwa ta fito, ita ma ta bi sahu. Direbobin taksi su yi min gaisuwa, su sayi na wani.

Shekaranjiya tsohon direban nan ɗan Gabon, wanda ba ya shan lemon kowa sai naka, ya dawo daga ƙauyensu. Bai ji rasuwarka ba. Ya sha ɗaya, ya ɗaga ɓawon yana lilo, siriri bai tsinke ba, ya ce zai jira ka dawo ku gaisa, tunda ga alama yanzu ka tashi. Da na gaya masa ni na fere, ya cire hularsa, ya daɗe a tsaye. Jiya da abokan aikinsa ya zo. Yau Yaya Sabo da kansa ya ɗauko min buhun lemo, bai sake zancen mai caza ba.

Ban taɓa gaya maka ba, a makaranta da hannunka nake cika baki. Yau ina alfahari da nawa, don an ɗauka naka ne.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba.

'Yarka mai riƙe da wuƙarka,
Hadiza