Saran da Aka Yi wa Goɗiyar Jaye

Litinin, 14 ga Oktoba 2024
Har yanzu hannuna ƙarnin jini yake. Da hantsi Jaye, Bafulatanin rugar da ke gabas da Gangara, ya faɗo min buro, ofishina na likitan dabbobi, ba ko sallama. "Likita, an sare min goɗiya." Na goya shi a moto, babur ɗina.

Sara biyu. Ɗaya a cinya, ɗaya a ciki, hanji ya zubo, ƙasa da ganyen wake duk sun manne masa. Allurar barcin da ta rage min ba ta kama ta sosai ba. Maza shida suka danne ta da igiya. Na wanke hanjin da ruwan gishiri, in tura, ta yi nishi ta turo shi. Sau uku. Ta harbi Mumuni, ƙanen Jaye, a haƙarƙari, na ji ƙas. Ɗinki talatin da ɗaya.

Ban tambayi wanda ya sare ta ba. A gonar waken gidanmu na iske ta.

Talata, 15 ga Oktoba
Ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, leda shida. Jikinta zafi rau. Jaye ya ƙi a rataye ledar a icce, shi ya ɗaga ta da hannu tun safe har la'asar.

Laraba, 16 ga Oktoba
Ridwanu ƙanena ya tare ni a zaure. "Yaya, waken da Inna ta ƙare damina tana wahala a kai ta cinye. Jandarma za su nemi takardarki. Ki ce wayar shinge ce ta yanke ta." Na kwaɗa masa mari, tafin hannuna har yanzu zugi yake.

Inna daga madafa: "Hamdiya, dabba za ki zaɓa ki bar ɗan'uwanki?"

Alhamis, 17 ga Oktoba
Samarin ruga sun ritsa Ridwanu a bakin rijiya. Sanduna. Kai ya fashe, leɓe ya tsage, haƙori biyu a ƙasa. Namu suka fito da adduna, aka cinna wa bukka biyu wuta kafin motar jandarma ta iso. Gida aka kawo min shi, jini ya rufe masa ido, asibiti da nisa. Da sauran zaren goɗiya na ɗinke shi, ba allurar kashe zafi, ta ƙare. Yana ihu yana kiran Inna. Hannuna bai yi rawa ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Cikin goɗiyar ya kumbura kamar ganga. Ɗinki ya ɓalle, ruwa mai wari yana fita. Tana buga kai da ƙasa har gira ta tsage. Na sake wankewa, na sake allura, banza.

Bayan an sauko daga masallaci na ce da Jaye, "Baffa, iyakata ke nan." Ya daɗe yana shafa mata wuya, yana yi mata magana da Fulatanci. Ya zaro wuƙa. "Juya baya, ɗiyata." Ban juya ba, ni na riƙe kan. Jinin ya cika min takalmi.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na rubuta: kaifin adda, sara biyu. Da kaina na kai wa jandarma.

Laraba, 23 ga Oktoba
Ridwanu na hannun jandarma, samarin ruga uku ma. Inna ba ta amsa gaisuwata, kwanona ma ta daina zuba masa tuwo.

Yau ma a ruga na yini. Habsatu matar Jaye ta dama min fura, muka zauna gefen tokar bukkarta. Duba shanu ya kai ni, ba wani abu ba.

Shanun lafiyarsu lau. Jiya ma haka.