Bulon da Ba Shi da Nauyi

Lahadi, 9 ga Oktoba, 2022

Har yanzu muna gidan Yaya Mansir. Matarsa A'i ta ba mu ɗakin baƙi, ba ta taɓa nuna ta gaji da mu ba. Na koma koyarwa ranar Litinin. Na yi rubutu a allo, yara suka kwafa, aka tashi.

Masu zuwa gaisuwar rasuwa sun ɗauke ƙafa. Gara haka. Na gaji da maimaita labarin. An yi kwanaki ana ruwa, bangon ƙasa na ɗakinmu a Gwallaga ya jiƙe, ya faɗo ciki da la'asar. 'Yarmu Madina na barci a ciki, dawowarta ke nan daga makaranta. Ni ina madafi. Iyakarsa ke nan. In ina faɗa sai in ji kamar labarin wata mata nake bayarwa.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Baban Madina ya shigo da bulo guda a hannu ɗaya, kamar ya riƙo burodi. (Ban san me zan riƙa kiransa ba yanzu. Sunansa Hammawa ba ya fita a bakina. Na bar shi yadda yake.)

Ya ajiye a gabana ya ce, "Bintu, ɗaga ki ji."

Na ɗaga. Ba nauyi sosai. Ya ce filin nan namu na Gwallameji zai soma ginawa, kuma da irin wannan. Wai abokinsa Sabitu ne ya fara buga shi. Yumɓu ake mulmulawa ƙanana kamar aya, a gasa har ya kumbura ya yi ramuka a ciki, sannan a kwaɓa da siminti a maimakon tsakuwa. Ba ya ɗaukar zafi, ba ya danne fandisho, ya yi ta lissafawa. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun Agusta.

Na ce to.

Asabar, 22 ga Oktoba

A'i ta mai da bulon abin tokare ƙofa.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Sun yi gardama shi da Yaya Mansir a tsakar gida bayan la'asar. Ina zaune ina tsince shinkafa. Yaya ya ce kowa a Bauchi da bulon yashi yake gini, me ya sa shi zai zama na gwaji. Ƙusa ma ba za ta zauna a jikinsa ba. In Sabitu ya daina bugawa gini na rabi fa? Magina ba su san shi ba. Shi kuma yana ta cewa sanyi, sanyi, in bazara ta zo za ka gani.

Yaya ya juyo ya ce, "Ke Bintu ba ki ce komai ba."

Na ce, "Ai ƙasa ce."

A'i ta karɓi farantin daga hannuna. Ashe na daɗe da gama tsincewa.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Na saka bulon a bahon wanki, na cika da ruwa. Ya yi ta fitar da kumfa ƙanana. Yana sha.

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Na ciro shi. Ya ƙara nauyi, ya yi duhu. Na kankare shi da cokali, na buga shi da ƙasa. Bai narke ba, bai marmashe ba, gefe ɗaya ne kawai ya ɗan ɓantare. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Baban Madina ya gan ni ta taga.

Lahadi, 4 ga Disamba

Baban Madina ya matsa sai na je na ga wurin. Mun hau keke. Gwallameji ta cika da sabbin gidaje, ko'ina tarin yashi da rodi.

Maginin sunansa Toma, dattijo ne mai furfura, Hausarsa irin ta mutanen kudancin jiha. Bai yi min daɗin baki ba. Ya ce, "Madam, ni ban taɓa gini da wannan abu ba. Lebura suna son shi, baya ba ya ciwo, aiki yana sauri. Amma wajen saukewa daga mota da yawa ya fashe. Kuma yana shan ruwa. In ba a yi masa filasta mai kauri ta waje ba, akwai matsala." Fandishon da kankare da bulon yashi ya yi shi, ya ɗaga shi sama da ƙasa sosai. Kowace kusurwa da ginshiƙin rodi.

Na ce, "In ya faɗo kan mutum fa?"

Ya cire hularsa. Ina jin an gaya masa. Ya ce, "Zai ji ciwo, Madam. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da yardar Allah wannan ba zai faɗo ba."

Na gyaɗa kai. Na koma gindin wata bishiyar maina na zauna har suka gama.

Talata, 17 ga Janairu, 2023

An kawo sabuwar yarinya ajina. Sunanta Madina. Na kira, ta amsa.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Wai an kai linta. Sabitu ya yi kwanaki bai buga bulo ba, injinsa ya lalace, aiki ya tsaya. Yaya Mansir ya ce ai ya faɗa. Baban Madina ya rame. A'i ce ta lura, ta gaya min. Na duba, gaskiya ne.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Azumi, ga zafi. An rufa kwano, an sa silin da ƙofofi. Mun je ni da Baban Madina da rana tsaka. Waje kamar bakin murhu, ciki kuwa da dama-dama. Na taɓa bango, ba zafi. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Sai ya ce in tsaya a babban ɗaki, shi zai shiga ƙaramin da ke jikinsa ya rufe ƙofa ya kira ni. Wai in ga yadda bangon ke tare ƙara. Na tsaya. Na ji wani abu can ƙasa-ƙasa, kamar daga wata unguwa. Ya fito yana murmushi, ya ce, "Kin ji? Da ƙarfi fa na kira."

Na ce, "Ban ji ba."

Ya ce ai shi ne amfaninsa, ko maƙwabta sun ta da janareto...

Na ce, "Ba na so. Bangon da za a kira ni daga ɗakin kusa ban ji ba, me zan yi da shi?"

Murmushin ya tafi. Ya zauna a kan wani bulo da ya rage. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Da waɗannan hannuwan ya tono Madina ranar, shi da maƙwabta, kafin a samo shebur. Can ya ce, "Ba don sanyi ba ne, Bintu. Duk gidan bulon da ke garin nan na shiga. Ɗagawa nake yi in ajiye. Wanda ya fi kowane rashin nauyi nake nema."

Hawaye na zuba a gemunsa. Na miƙa masa gefen mayafina. Ni nawa ba su zo ba. Na tsaya dai kusa da shi har aka kira la'asar.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ya sa Toma ya huda ƙofa tsakanin ɗakunan biyu. Wai ba wuya, bulon na yankuwa kamar sabulu. Ba za a sa mata ƙyaure ba, labule kawai.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Sallah. A'i ta ɗinka min atamfa. Na sa don kar ta ji ba daɗi.

Juma'a, 5 ga Mayu

Ruwan farko. Ina cikin aji hadari ya haɗo daga gabas, yara suka yi ta ihu suna leƙen taga. Na ci gaba da darasi. Alli ya karye a hannuna, na ɗauki wani.

Ba a yi filastar waje ba. Toma ya tafi garinsu tun makon jiya, matarsa ba lafiya.

Asabar, 6 ga Mayu

Baban Madina ya tafi aiki ƙauye, allurar shanu. Ban gaya wa kowa ba, na hau keke na tafi ni kaɗai. Bangon gabas ya yi duhu daga sama har ƙasa. Ta ciki ma da danshi. Na ɗora tafin hannuna, na tura. Na sa kafaɗa na tura da iyakar ƙarfina. Bai motsa ba. Kafaɗar rigata ta jiƙe.

Laraba, 10 ga Mayu

Toma bai dawo ba, Sabitu ya turo wasu su yi filasta. Na biya bayan an tashi daga makaranta. Na tarar sun yi rabin bangon gabas, shafe-shafe kawai, ana hango layin bulo ta ciki. Na ce Toma ya ce mai kauri. Babbansu ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Hajiya, ki bari maigidan ya zo."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce ya sauko. Na ce a kankare duka a sake, in ba zai iya ba ya kwashe kayansa. Na ce gidana ne, ni zan kwana a jikin bangon nan. Har matar gidan da ke kusa ta leƙo. Suka sauko suka soma kankarewa. Na zauna a kan bokiti, ban tafi ba sai da na ga kaurin sabon da idona.

Matar ta kawo min ruwa. Sunanta Liatu, ma'aikaciyar jinya ce. Ta tambayi yaushe za mu tare, na ce kafin ruwa ya kankama, in Allah ya so. Sai a keke na tuna ba mu taɓa yin wannan maganar da Baban Madina ba.

Maƙogwarona na ciwo. Zafin rana ne ya sa ni faɗa, ba wani abu ba.

Gobe ma zan biya. Saboda filastar.