Ruwan da ke sauka bayan gidanmu kowace Juma'a

Zuwa ga Yaya Labbo,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta iske ka lafiya, kai da iyali da Inna. Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Ni ina nan Legas, shekara ta bakwai ke nan, ina cin tuwon da bai amsa sunansa ba.

Ka san na'urar auna ruwan sama da ofishinmu ya kafa bayan gidanmu a Birnin Tsaba. Duk abin da ta auna tana tura shi rumbun bayanai na intanet, wanda ake kira gajimare. Aikina in zauna gaban kwamfuta in tambayi rumbun inda anka samu ruwa da inda ba a samu ba, don a san garuruwan da za a ba irin gero mai jure fari. Makon jiya na tambaya. Kaura Namoda fayau, Jangeru fayau, amma Birnin Tsaba ruwa kowace Juma'a da hantsi, tsakiyar bazara, kuma awo ɗaya ba ƙari ba ragi. Maigidana ya yi murna, ya cire garinmu daga jerin masu karɓar iri.

Na sake dubawa, sai na ga ruwan ya ɗauke mako biyu cif, daidai lokacin da Inna ta tafi Shinkafi haihuwar 'yar'uwarmu Saudat. Na kira ƙanwarmu Sumayya, ta yi ta dariya kafin ta iya magana. Wai Inna ta ji ana cewa ina aiki da gajimare, ta ɗauka in na'urar ta daɗe ba ruwa za a ce ban iya aikina ba, a kore ni. Shi ya sa take zuba mata moɗa guda duk Juma'a, har da addu'a.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma laifina ne, ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayanin aikin ba. Kuma a shekara bakwai ba wanda ya damu da kujerata kamar ita.

Na goge awon, an mayar da garinmu cikin jeri, iri zai zo. A rahoto na rubuta cewa na'urar ce ta samu matsala. Ka gaida Inna, da Kulsumu, da Kawu Haliru. Za a turo mai gyara ranar Juma'a da hantsi. Don Allah ka tura Inna unguwa.

Ƙanenka,
Jelani