Askin Ɗan Budislaw

Zuwa ga ƙanena Sulimir, a can ƙasar Hungari,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Woislawa, da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ilona da jaririn da har yau ban ɗauka ba. Mu nan Ostrogrod muna nan da rai. Sanyin bana ya yi tsanani, kogi ya daskare har fataken gishiri na bi ta kansa. Inna ƙafa ta matsa mata, kullum tana bakin murhu tana tambaya ko ka yi ƙiba. Yaya Budislaw ramukan idanunsa sun warke, ya koyi zagaya tsakar gida da sanda, amma tun ranar da Rasibor ya sa aka ƙwaƙule masa ido ya haye kujerar sarautarsa, ban sake jin dariyarsa ba. Kada ka ce in kira mutumin nan baffa. Ƙanen mahaifinmu ne, na sani, amma bakina ba zai faɗa ba.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Wilcek, ɗan Yaya, ya cika bakwai, shekarar aski. Gashinsa har kafaɗa, yana jiran ubansa ya yanke masa a gaban jama'a ya raɗa masa sunan manya. Makaho kuwa ta yaya zai yi aski? Sai Rasibor ya ga dama ta samu. Ya aiko wai za a yi wa yaron askin 'yan zuhudu na tsakar ka, ya zama na coci har abada, kujerar ubansa ta haramta gare shi. Don cin fuska, ya tara manyan ƙasa a babban zaure, aka gasa aladun daji, aka buɗe tulunan giyar zuma, aka jawo Yaya aka zaunar da shi bakin ƙofa wajen karnuka, wai ya saurara tunda ba zai gani ba.

Tsohon ɗan zuhudun da aka ba almakashi ya matso, yaro na fizgewa, abu ya gagara. Ni kuwa na tuna Rasibor a fadar Jamusawa ya tashi, al'adunmu bai san su ba, duk ƙauyanci yake kiransu. Sai na ɗaga murya, na ce ai ba mamaki, wanda ya aiki bayi su cire wa ɗan wansa ido shi yana laɓe bayan labule, ina zai iya tunkarar gashin yaro? Na ce ko a kira kuyanga ta riƙe masa hannu. Wani can baya ya tuntsire da dariya. Rasibor ya miƙe, giya ta hau masa kai, ya ce wai yau zan ga namiji, tsohuwar gwauruwa mai bakin tsiya. Ya fizge almakashin, ya cafki gashin goshin yaro, ya datse da hannunsa.

Kafin gashin ya kai ƙasa, tsoho Gniwomir, jarumin nan na Baba mai yatsu uku, ya buga kofi a tebur ya ce madalla, sarki ya yi wa yaro askin fari a gaban shaidu, saura suna. Manyan ƙasa suka ɗauka baki ɗaya, a ba shi suna! Ka san al'ada, wanda ya fara yanke gashin yaro ya zama ubansa, yaron ya zama magajinsa, Rasibor kuwa 'ya'ya mata kaɗai gare shi. Ya juya wajen bishof yana inda-inda, wai askin coci ya nufa. Bishof ya dubi hannayen mutane a kan takubba, ya ce shi dai bai ga ɗan zuhudu ya yi aski ba, sarki ya gani. Dole Rasibor ya raɗa wa yaro suna Radomir. Da ka ga fuskarsa! Ni dai ranar na ci nama har na lashe yatsu.

Amma kada ka yi saurin murna, ƙanena. Al'adar da ta ceci yaron ita ta ɗaure masa hannu. Ɗan aski ba ya zare wa uban askinsa takobi. In ya yi, ba mai bin sa, ba cocin da zai binne shi. Yanzu yaron a fada yake kwana, da safe ya durƙusa wa wanda ya makantar da ubansa ya kira shi baba. Da Yaya ya ji, ya juya fuska bango, har yau sai an matsa yake cin abinci. Ga matar Rasibor da tsohon ciki. In namiji ta haifa, kai ma ka san Radomir ba zai ga wani sanyin ba.

Saboda haka kai nake kira. Kai Baba ne ya yi maka aski, ba abin da ya ɗaure ka. Ka roƙi surukinka mayaƙa, ka taho kafin kogi ya narke, kafin matar nan ta sauka. Gniwomir ya ce ƙofar kudu a hannunsa take. Kada ka zo mini da zancen sulhu ko rantsuwar sumbatar gicciye, na ƙoshi da su. So nake in ji mugun nan yana roƙo, in ga an ƙi shi.

Inna na gaishe ka, Yaya ma ya ce in sa maka albarka. Ka gaida Ilona da surukinka Marton. Radomir bai san na rubuto ba, kuma kada ya sani. Ran da za ka shigo zan kulle shi a ɗakina, don ya hau kujerar ubansa da hannu tsab. Jinin kuwa ni da kai za mu ɗauka.

Yayarka da ba ta yafe ba,
Woislawa