Laifin Mijina Shi Ne Rashin Kitse

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Magani na asibitin da mijina ke kwance,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, na yi sintiri a ƙofar ofishinka har masinja ya daina amsa gaisuwata, ban samu ganinka ba. Shi ya sa na kawo kukana jarida.

Na farko. Mijina, Malam Bello, ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙofar Rini. Daminar bara rufin sitonsa ya yi yoyo, gero ya jiƙe ya yi fumfuna. Ya ƙi zubarwa, don a gidansu ba a zubar da hatsi. Ya shige ciki da kansa yana juyawa, yana shaƙar baƙin garin fumfunar. Likita ya ce fumfunar ce ta kama masa huhu. An ba shi magani, an canza, an ƙara, ciwon ya ƙi ji. Yanzu tari yake yi da jini.

Na biyu. Likitan ya ce an lura maganin rage kitsen jini, irin wanda ake ba masu tumbi, yana raunana fumfuna, kuma yana so ya haɗa shi da wanda ake ba mijina. Bai yi mana alkawarin waraka ba, ya ce gwaji ne. Mun amince, ni da mai ciwon.

Na uku. Na zaga kemis-kemis daga Ƙofar Marke har Kwalkwalawa, babu wannan magani. Yana ɗakinka. Amma ma'aikatanka sun ce ba a ba da shi sai ga wanda awon jini ya nuna kitse ya yi masa yawa, kuma tun da gwamnan soja ya kafa kwamitin bincike kan yadda ake fitar da magani, ba mai son ya kwana a kulle. Mijina kuwa ƙashi da fata ne.

Na huɗu, ga inda dokarku ta kai mu. Da surukata ta ji sharaɗin, sai ta ce to mu yi masa kitsen. Muka kama ɗura masa man shanu a kunu, da kitsen rago, da ƙwai. Ina ɗurawa yana amai, yana roƙona don girman Allah in ƙyale shi. Aka sake awo, babu abin da ya motsa, sai faɗa da muka sha wajen likita. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Yau likita ya ce sai ɗakin magani, ɗakin magani sun ce sai kai, kai kuma kullum kana mitin. Na kasa ɗauke shi don ina sa rai, na kasa kallonsa yana ƙarewa a kan gadonku.

Roƙona, ka kira likitan ka saurare shi. In tsoron kwamiti ne, ni zan tsaya gabansu in ce ni na nace. In kuma amsar a'a ce, ka faɗa mini ƙiri-ƙiri, in kai shi gida. Jiya ya ce mini ya fi son ajali ya same shi a ɗakinsa.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi tsare ka da ciwon da maganinsa ke kusa amma a kulle.

Wassalam.

Hadiza, matar Malam Bello,
Ƙofar Rini, Sakkwato.