Ku Yaye Barguna Daga Kan Injin Ƙanƙara

Jidda, 3 ga Sha'aban

Yaya Harisu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, su Fadila kuma suna lafiya. Ni lafiya lau nake a ɗakin sanyin kamfanin kifi. Yatsuna biyu ne dai suka daina jin taɓi, amma an ce za su warware. Kada ka faɗa wa Inna.

Na ga hoton injin ƙanƙarar da na saya muku, wanda ka ce yana mutuwa da kansa. Yaya, wa ya ce ku lulluɓe shi da barguna da buhunan algarara? Ƙanƙarar da aka fitar ake rufewa don kada ta narke. Inji kuwa iska yake so. Kun toshe fankarsa, zafi ya taru, shi ya sa yake kashe kansa kafin kwamfureso ya ƙone.

Babban takaicina shi ne mai gyaran nan na Baure da ya cire fis mai kare injin daga ƙonewa, ya ɗaura wayar birkin keke a madadinsa. Ka kashe wuta tukuna, ka kwance wayar, ka sayo fis irin na da. Ka yaye bargunan. Sannan ka wanke tankin ruwa, don na hango kashin ɓera a bakinsa. Ruwan nan fa shi masu azumin Daura za su sha.

In kun rasa inda za ku kai bargunan, ku aiko mini. Nan ake buƙatarsu.

Ƙaninka,
Munzali