Furfura Ta Kai Ni Sahun Gaba

Anti Edith, ki taimake ni don Allah, girmamawa na neman hallaka ni.

Ni makanikin babura ne a Sabon Gari. Duk washegarin Kirsimeti ƙungiyarmu kan yi tseren babura a wani fili bayan Basawa. Tsarinmu babba a gaba, yaro a baya, wai rashin kunya ne yaro ya tsaya gaban ubangidansa. To bana ni ne babba. Shekarata hamsin da takwas, babur ɗina kuwa sai da lallashi yake kai ni Palladan. A bayana za a jera samari goma sha huɗu, kowa ya cire salansar babur ɗinsa don ƙara, ido jajir. Kwanar farko taku arba'in ce daga layi, ga yashi, ga kututturen mangwaro.

Bara Ogbonna mai sayar da taya aka karrama. Ya rage gudu zai sha kwana, yaran suka bi ta kansa cikin ladabi. Har yau da sanda yake zuwa coci. An dai ba shi kofi.

Matata ta ce in na hau, in nemi mai jinyata tun yanzu. In na janye kuma a ce Baba ya tsorata. Kuma gaskiya na tsorata, Anti! Ga shi har an ɗinka mini riga.

Mai Furfura, Hanwa

Mai Furfura, sannu da fargaba.

Ban raina al'adarku ba, kuma na san zafin a kira dattijo matsoraci gaban yaransa. Amma layin tsere ba layin rabon abinci ba ne. Masu tseren gaske sukan gwada gudun kowa tukuna, mai sauri gaba, mai nawa baya, don kada a cunkushe a kwanar farko. Ku yi haka. Ku ba da tazara tsakanin sahu, ku tone kututturen nan, ku jera tsofaffin tayoyi a bakin kwana, kowa kuma da hular kwano.

Tunda kai ne babba, maganarka ake ji, sai ka mori furfurar. Ka sa sabuwar rigarka, ka tsaya gefe ka riƙe tuta. Babu mai motsawa sai ka sauke hannu. Wane girma ya wuce wannan? Duk wanda ya ce ka tsorata, tura shi ya raka Ogbonna coci.

Allah ya nuna mana sabuwar shekara, kana kan ƙafafunka biyu.